Wa Zai Cike Gurbin? Sharhi kan Zanen Rayuwar Lenape a Gidajen Tarihin Amurka

Takardar kwangilar ba ta cika yin tsawo ba. Gidan tarihi a jihar New Jersey ko Fensilbaniya ko Niyok zai kira mai zane, a nuna masa bangon da ake so a rufe, a gaya masa ana son ƙauyen mutanen Lenape a bakin kogi kamar yadda yake kafin jiragen Turawa su iso, a yanka ranar kammalawa, a ba shi kafin alƙalami. Daga nan wahala take farawa, kuma wahala ce da marubucin tarihi ba ya fuskantar irinta. Marubuci idan ya zo inda hujja ta ƙare yana iya rubuta cewa masana sun yi saɓani, ko ya tsallake wurin ya ci gaba. Mai zane ba shi da wannan mafita. Matar da ya tsayar a bakin turmi dole ta sa wani abu a jikinta, dole gashinta ya kasance a ɗaure ko a sake, dole ƙofar ɗakin da ke bayanta ta fuskanci wata kusurwa, dole itatuwan da ke tsallaken kogi su zama wasu irin itatuwa takamaimai. Kowane taƙi na ƙyallen yana neman hukunci. Ɗan makarantar da za a kawo ziyara kuwa ba zai iya bambanta abin da aka haƙo daga ƙasa da abin da mai zane ya ƙaddara da kansa ba. A wurinsa duka gaskiya ɗaya ce, domin gani ya kori ji.

Lenape su ne mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar da a yau ta ƙunshi New Jersey gaba ɗayanta, da gabashin Fensilbaniya, da arewacin jihar Delaware, da kudancin jihar Niyok har da tsibirin Manhattan, wanda sunansa ma daga harshensu ya fito. Kalmar Lenape tana nufin mutane. Sunan Delaware da aka fi saninsu da shi a takardun hukuma na wani basarake ne Bature, gwamnan Virginia, wanda aka raɗa wa kogin sunansa, daga baya sunan ya bi mutanen da ke zaune a gaɓarsa. Harsunansu biyu ne masu dangantaka, Munsee a arewa da Unami a kudu, kuma ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Ƙananan al'ummomi ne masu cin gashin kansu, kowace da shugabanta da bakin ruwanta. Nasaba tana bin ɗakin uwa, kuma an san su da dangogi uku: na Kunkuru, na Kyarkeci da na Talotalo. Suna noman masara da wake da kabewa a gona ɗaya, suna farauta, suna kamun kifi, na bakin teku kuma suna cin kawa da sauran halittu masu ƙwanso.

Abin da ya sa zanen ya zama lamari mai nauyi shi ne yawancin jikokin waɗannan mutane ba sa zaune inda gidajen tarihin suke. An yi ta tura su yamma zango bayan zango, daga kogin Delaware zuwa Ohio, zuwa Indiana, zuwa Missouri, zuwa Kansas, har a 1867 babban rukuninsu ya koma yankin da ya zama Oklahoma. A kan wannan hanya ne aka ƙulla yarjejeniyar Fort Pitt a 1778, rubutacciyar yarjejeniya ta farko tsakanin sabuwar ƙasar Amurka da wata al'umma ta 'yan asalin ƙasa, kuma a kanta ne mayaƙan sa-kai na Fensilbaniya suka kashe Lenape Kiristoci 96 a Gnadenhutten a 1782, mata da yara a cikinsu. Yau al'ummomin Lenape uku ne gwamnatin tarayya ta amince da su: ɗaya a Bartlesville, ɗaya a Anadarko, dukansu a Oklahoma, sai Stockbridge-Munsee a Wisconsin. Wasu kuma suna Ontario ta Kanada. Saboda haka yaron da ya tashi a Filadelfiya yana iya girma har ya tsufa bai taɓa zama da Balenape ba, kuma duk abin da zai sani game da waɗanda suka riga shi a ƙasar daga wancan bango zai ɗauko shi.

Wannan ba hasashe ba ne, domin an riga an ga yadda zane ɗaya na kwangila ya mallaki tunanin al'umma fiye da shekara 200. A 1771 zuwa 1772 Benjamin West, haifaffen Fensilbaniya da ke aiki a Landan, ya zana taron sulhu da ake cewa William Penn, Baturen da ya kafa Fensilbaniya, ya yi da shugabannin Lenape a ƙarƙashin wata babbar itaciya a Shackamaxon jim kaɗan bayan isowarsa a 1682. Babu rubutaccen matanin wannan yarjejeniya da ya tsira, kuma West, wanda aka haifa a 1738, bai ga komai da idonsa ba. Ya zana Penn dattijo mai ƙiba cikin tufafin da mabiya ɗariƙarsa suka sa a wani zamani na baya, alhali mutumin yana da shekara 38 a lokacin. Ya tsayar da gidajen bulo ana ginawa a bayan taron. Ya sa 'yan kasuwa sun durƙusa suna miƙa ƙyalle, Lenape kuma suna dubawa cikin natsuwa. An buga hoton a takarda, an sa shi a faranti da labule da littattafan makaranta, har ya zama shi ne abin da mutane suke tunawa idan an ambaci kafuwar Fensilbaniya.

Wanda ya ba da wannan kwangila shi ne Thomas Penn, ɗan William Penn, kuma sunansa yana ɗauke da wani labari dabam. A 1737 shi da wakilin gidansu James Logan suka fito da wata takarda da suka ce tsohuwar yarjejeniya ce, wadda ta ba su ƙasa gwargwadon tafiyar mutum ta yini ɗaya da rabi. Lenape sun ɗauka tafiya ce irin ta ɗan Adam, mai zama ya huta ya ci abinci. 'Ya'yan Penn kuwa sun sa an share hanya tun da wuri, suka ɗauko masu gudu uku, ɗaya daga cikinsu, Edward Marshall, ya ci sama da mil 60, sannan aka ja layin iyaka a karkace domin ya haɗiye ƙarin ƙasa. Kimanin eka miliyan 1.2 ta fita daga hannun Lenape. Masana tarihi da yawa suna karanta zanen West a matsayin wankin sunan gida: ɗan da ya yi wannan ciniki ya biya kuɗi aka zana mahaifinsa yana sulhu. Ina ganin duk mai zanen da zai karɓi irin wannan aiki a yau ya kamata ya fara da tsayuwa gaban wannan hoto a Filadelfiya, ya dube shi da kyau, domin ya ga cewa zane yana iya zama kyakkyawa, mai taushin zuciya, cike da girmamawa a fuska, kuma duk da haka ya binne zalunci.

Akwai wasu zane biyu daga gida ɗaya da suka fi amfani ga mai neman gaskiya. A 1735 John Penn ya sa Gustavus Hesselius, mutumin Suwidin, ya zana shugabannin Lenape biyu, Lapowinsa da Tishcohan. Waɗannan mutane sun zauna gaban mai zanen da ransu. Ana ganin jarfa a goshin Lapowinsa, ana ganin jakar fata rataye a ƙirjin kowannensu, ta Tishcohan da lofen taba a ciki, kuma a kafaɗarsu akwai bargon Turawa shuɗi. Fuskokinsu na mutane ne takamaimai, da gajiyarsu da nazarinsu. Shekara biyu bayan haka sunayensu suna cikin waɗanda aka sa a takardar waccan tafiya. Bargon da ke kafaɗarsu yana tunatar da mai zane cewa wannan shaidar ido ta zo ne bayan fiye da shekara 120 da shigowar matuƙin jirgin ruwa Bature Henry Hudson a 1609, lokacin da fatauci da cututtuka irin su agana suka riga suka sauya komai.

To, daga ina mai zane zai samo ƙauyen da aka ce ya zana? Mafari na farko ƙasa ce. Masu tonon kufai, irin su Herbert Kraft na Jami'ar Seton Hall wanda ya yi shekaru yana aiki a kwarin kogin Delaware na sama, sun gano tabon da turakun ɗakuna suka bari bayan sun ruɓe, baƙaƙen ɗigo a jere cikin ƙasa. Daga jerin nan ake gane tsawon ɗaki da faɗinsa, da cewa wasu dogayen ɗakunan ƙarshensu a zagaye yake, da inda murhu yake, da ramukan ajiyar abinci. Ana samun tsingaron tukwane masu zagayayyen gindi da ado a wuya, da kan kibiya mai kusurwa uku, da duwatsun da ake ɗaura wa taru domin ya nitse, da ƙonannun ƙwayoyin masara. Amma ƙasar yankin mai tsami ce, tana cinye fata da itace da igiya da gashin tsuntsu. Wato duk abin da ido yake fara sauka a kai a cikin zane, tufafi da kwanduna da tabarmi da rufin ɗaki, shi ne ainihin abin da ƙasa ba ta ajiye ba. Mai tono zai iya rantsewa a kan inda turken yake, amma tsayin tsaikon da yadda aka jera ɓawon itace a kansa aikin ƙiyasi ne.

Mafari na biyu rubuce-rubucen Turawan farko ne: Adriaen van der Donck na Holan, da Peter Lindeström injiniyan Suwidin da ya zauna a bakin kogin Delaware a tsakiyar shekarun 1650, da wasiƙar da William Penn ya rubuta a 1683, sannan 'yan mishan David Zeisberger da John Heckewelder waɗanda suka rayu da Lenape shekaru masu yawa suka ji harshensu. Daga gare su ake sanin warkin maza da fatarin fata na mata, da mayafin da ake saƙawa da gashin talotalo, da shafa kitsen dabba a jiki saboda sanyi da sauro, da jar ƙasa a fuska, da ɗakin surace a bakin rafi. Bayanai ne masu daraja, sai dai dukansu maza ne, baƙi ne, kuma kowannensu yana da abin da yake nema: wani yana tallar ƙasa ga masu son ƙaura, wani yana neman tubabbu. Abin da mata suke yi a tsakaninsu, da yadda ake renon yaro, da abin da ake faɗa a cikin ɗaki da dare, kaɗan ne ya shiga alƙalaminsu. Akwai kuma tarko a cikin takardun. A 1836 Constantine Rafinesque ya buga wasu alamomi da ya ce tsohon tarihin Lenape ne da aka zana a kan itace, aka yi ta ɗaukar su da gaske har cikin ƙarni na 20, sai a shekarun 1990 David Oestreicher ya nuna cewa ƙirƙira ce. Mai zanen da ya buɗe tsohon littafi ya kwafi waɗannan alamomi ya sa a jikin turke, ya dasa ƙarya a bangon gidan tarihi da hannunsa, ko da niyyarsa tsarkakakkiya ce.

Mafari na uku shi ne mutanen da kansu. Nora Thompson Dean, wadda ta rayu a Dewey ta Oklahoma ta rasu a 1984, tana cikin na ƙarshe da suka tashi da harshen Unami a baki, kuma ta yi shekaru tana koya wa masana harshe da masu bincike sunayen tsirrai da magunguna da yadda ake abubuwa. Muryarta da ta wasu dattawa tana cikin ƙamus mai magana da al'ummar Bartlesville ta ɗora a intanet. Irin wannan ilimi ya ratsa ƙaura ta shekara ɗari biyu, ya ɗauki wasu abubuwa a hanya ya ajiye wasu, don haka ba hoton shekarar 1500 ba ne kai tsaye. Amma shi kaɗai ne yake iya gaya wa mai zane abin da ya dace da abin da bai dace ba: wa yake zama kusa da wa, wa yake fara magana, wane aiki ne namiji ba ya taɓawa.

Har dajin da ke bayan mutanen sai an sake gina shi da bincike, domin wanda ake gani ta tagar gidan tarihin yau wani daji ne dabam. Itaciyar da ake kira cesnot ta Amurka, wadda 'ya'yanta abinci ne ga mutum da dabba, ta cika tuddan yankin har wata cuta da aka fara ganowa a Niyok a 1904 ta kusa ƙarar da ita. Wata irin kurciya mai tafiya cikin garke da yake rufe rana ta ƙare ƙaƙaf a 1914. Waɗannan sai mai zane ya dawo da su. Wasu kuma sai ya kore su: doki, da ƙudan zuma irin na amya, da ciyayi da tsuntsaye da dama da suka biyo jiragen Turawa. Lenape suna sa wa ƙasan daji wuta lokaci zuwa lokaci domin ta buɗe, farauta ta yi sauƙi, sabon tsiro ya fito, saboda haka zana musu ƙungurmin daji da ba a taɓa ba kuskure ne, kuma kuskure ne mai goyon bayan tsohuwar da'awar cewa ƙasar ba ta da mai ita. Sannan akwai jarabar da finafinai suka shuka a idon kowa, ta tanti mai tsini da hular gashin mikiya mai jela, waɗanda kayan al'ummomin filayen yamma ne masu nisan gaske. Ɗakin Lenape na ƙananan itatuwa ne da aka lanƙwasa aka lulluɓe da ɓawo ko tabarmi. Kwalekwalensu na yau da kullum gungume ne guda, ana ƙona cikinsa da wuta a hankali ana kankarewa da dutse ko ƙwanso.

Gidan tarihi yana son zane ɗaya ya koyar da komai, kuma nan ne buƙatar malami take karo da gaskiyar rayuwa. Ana so a ga shuka da girbi, a ga kamun kifi da jimar fata da ginin tukunya da sassaƙar kwalekwale, duk a fili ɗaya da hantsi ɗaya. Amma shekarar Lenape a rarrabe take. Kifayen da suke haurowa daga teku domin yin ƙwai suna zuwa ne da bazarar can, lokacin da ake taruwa a shingayen duwatsu da aka gina cikin kogi; masara tana nuna ne a ƙarshen zafi; babbar farauta ta kaka ce; da sanyi kuma iyalai sukan watsu. Idan aka cusa su duka wuri ɗaya, ƙauyen yakan koma kamar rumfunan baje koli, kowa yana nuna sana'arsa, babu mai hira, babu mai hutawa, babu yaron da yake ƙiriniya, babu tsohuwar da take faɗa. A ganina gwamma mai zane ya zaɓi rana ɗaya ta wata ɗaya ya tsaya a kanta, ya bar sauran ga rubutun gefe, ko ya nemi a ba shi bango huɗu. Mutanen da aka zana suna aiki kawai, kowa da kayan aikinsa a hannu, an rage musu wani abu daga mutuntakarsu ko da kowane kayan aikin daidai yake.

Inda aka tsayar da mata ma hukunci ne. A al'ummar da nasaba take bin uwa, inda gona da ɗaki suke hannun mata, kuma dattijai mata suke da baki a kan wanda zai shugabanci dangi, zanen da ya sa maza a gaba da baka da kibiya, mata kuma can baya a sunkuye, ya juya tsarin gidan ne ya mayar da shi irin na Turawan ƙarni na 19.

Ita kanta kalmar gargajiya tana buƙatar a tambaye ta: gargajiyar wace shekara? Masara ba ta kai wannan yanki ba sai 'yan ƙarnoni kafin Turawa, wake kuma ya biyo bayanta, alhali mutane sun zauna a kwarin Delaware fiye da shekara dubu goma. Duwatsun ado farare da shunayya da ake yi da ƙwanson teku, waɗanda ake saƙa ɗamarar alkawari da su, sun yawaita ne sosai bayan da aka sami abin huji na ƙarfe. Jakunkunan rataya masu adon tsakiya da rigunan mata masu aikin ribin, waɗanda Lenape na yau suke sawa a taro suna alfahari da su, kayan ƙarni na 19 ne, an ƙirƙire su a kan hanyar ƙaura da zaren fatake. Gidajen tarihi sun fi son sa'ar da ke gab da zuwan Turawa domin tana da tsabta a ido. Illarta ita ce tana koya wa mai kallo cewa Balenape na gaske shi ne na warki, wanda ya sa wando ya shiga mota ya daina zama shi. Da wannan tunani ne aka daɗe ana cewa sun ƙare, alhali suna da majalisu da makarantun harshe da zaɓuɓɓuka.

Akwai kuma abin da bai kamata a zana ba ko da an san kamanninsa. Babbar ibadar Lenape ta shekara ana yin ta ne dare goma sha biyu a cikin wani dogon ɗaki mai wuta biyu da turke a tsakiya wanda aka sassaƙa wa fuska, rabi ja rabi baƙi, kuma an yi cikakkiyarta ta ƙarshe a Oklahoma a 1924. Tun farkon ƙarni na 20 mai binciken al'adu M. R. Harrington, wanda yake tara kaya wa wani gidan tarihi na Niyok, ya sa Ernest Spybuck, mai zane daga al'ummar Shawnee maƙwabtan Lenape a Oklahoma, ya zana wannan ibada. Spybuck ya cire bango ɗaya a zanen domin a ga ciki. Aikinsa shaida ce ta wanda ya san wurin da mutanensa, kuma ya bambanta da na West kamar yadda labarin ganau ya bambanta da na jiyau. Duk da haka, kasancewar wancan zane yana nan ba izini ba ne ga wani ya sake zana fuskar mai tsarki a bangon da ake wucewa ana cin alewa. Al'ummomi da yawa na 'yan asalin Amurka ba sa son a baje irin waɗannan fuskoki, kuma amsar wannan tambaya ba ta cikin kowane kundi. Sai an je an tambayi masu abin, an kuma karɓi a'a idan ita suka bayar.

Sai dai tambayar masu abin ma ba ta da sauƙi, kuma a nan gidajen tarihi da yawa suke tuntuɓe. Ban da al'ummomi uku da tarayya ta amince da su, jihar New Jersey ta amince da Nanticoke Lenni-Lenape da Ramapough, waɗanda suke cewa kakanninsu ba su taɓa barin ƙasar ba. Akwai kuma ƙungiyoyin da babu hukumar da ta amince da su, kuma al'ummomin Oklahoma da Wisconsin sun sha bayyana rashin yardarsu da a ɗauki irin waɗannan a matsayin masu magana da yawun Lenape. Ma'aikacin gidan tarihi mai ƙaramin kasafi yakan ji sauƙin kiran wanda yake kusa, mai zuwa da motarsa, maimakon sayen tikitin jirgi daga Oklahoma. Wannan arha tana da tsada daga baya. Gwamnatocin Lenape suna da ofisoshin kula da kayan tarihi da aka kafa domin irin wannan aiki, kuma hanyar da ta dace ita ce a rubuta musu a hukumance tun kafin a ja layin farko, a biya masu ba da shawara kuɗin aikinsu kamar yadda ake biyan mai tono da mai zane, a kuma nuna musu zayyanar fensir lokacin da gyara yake da sauƙi. Gayyatar dattijo ranar buɗe labule domin ya sa albarka a kan abin da fentinsa ya riga ya bushe ba shawara ba ce.

Abin da ke faruwa idan ba a yi haka ba yana nan a babban gidan tarihin halittu na Niyok. A 1939 aka kafa wani akwatin gilashi mai mutum-mutumi da zanen bango, yana nuna Peter Stuyvesant, gwamnan mulkin mallakar Holan a yankin, yana karɓar wakilan Lenape a 1660. Gwamnan yana cikin cikakkiyar shiga. Mazan Lenape kuwa da bante kawai, matan can baya ƙirji a buɗe, kai a ƙasa, suna ɗauke da kaya. A 2018 gidan tarihin, tare da shawarar Bradley Pecore, masanin tarihin hoto mai jinin Menominee da Stockbridge-Munsee, ya manna rubuce-rubuce a kan gilashin yana nuna kurakuran ɗaya bayan ɗaya: cewa wakilan da suka zo taron diflomasiyya da mafi kyawun tufafinsu za su zo, cewa mata suna da matsayi a shugabanci, cewa shugaban Lenape da ke wurin yana da suna, Oratamin, kamar yadda gwamnan yake da nasa. Kusan shekara 80 yara suna wucewa ta gaban gilashin nan kafin a yi wannan gyara, kuma mutum-mutumin suna nan yadda aka tsayar da su, rubutu ne kawai yake jayayya da su.

Nauyin da ke kan mai zane ƙaruwa yake yi. Dokar 1990 da ta wajabta mayar da ƙasusuwan kakanni da kayan ibada ga al'ummominsu ta sami sababbin ƙa'idoji a Janairun 2024, waɗanda suka hana baje irin waɗannan kaya ba da yardar masu su ba, kuma a watan nan wancan gidan tarihi na Niyok ya rufe zaure biyu, ɗaya daga cikinsu na al'ummomin dazuzzukan gabas ne. Duk akwatin da aka kwashe kayansa yana barin bango da ake neman abin da za a sa, kuma zane shi ne abin da ya fi saurin zuwa a rai. Idan ba a yi hattara ba, za a mayar da kayan gaske ga masu su, a maye gurbinsu da ƙiyasin baƙo wanda babu dokar da ta ce a nemi izinin kowa a kansa.

Shi ya sa tambayar wa za a ba kwangilar ta cancanci a yi ta da gaske. Akwai masu zane da masu aikin hannu 'yan Lenape: Ruthe Blalock Jones ta yi shekaru tana zana raye-raye da tarukan mutanenta a Oklahoma, Joe Baker kuma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar Lenape a Manhattan, shi ya tsara baje kolin 2022 a wani ɗakin karatu na Brooklyn inda aka haɗa tsofaffin jakunkunan tsakiya da sababbi. Ban ce baƙo ba zai iya yin aikin da kyau ba, domin ƙwarewar hannu da haƙurin bincike ba gadon jini ba ne. Amma idan baƙo ne, to takardar kwangilar ta faɗi wanda yake da ikon cewa a goge, ta faɗi daga ina za a samo fuskokin da za a zana da kuma ko masu su sun yarda, ta faɗi wanda zai ba da izini idan mai buga littafin makaranta ko mai sayar da kofin shayi ya nemi hoton. Allon da za a kafa a gefen zanen kuma ya ɗauki shekarar da aka yi shi, da sunan mai zanen, da sunayen Lenape da suka duba shi da garuruwan da suke zaune a yau, sannan ya nuna wa mai kallo a fili cewa tsarin turakun ɗakin daga kufai aka auno shi, mayafin gashin talotalo daga rubutun baƙi na ƙarni na 17, ɗaurin gashin matar da ke bakin turmi kuma zaɓi ne da aka yi a zaune tare da jikokinta.